Injin Ɗan-Ige da Wa'adin Kwana Bakwai

Jiya ɗaya daga cikinku, ku masu sayar da inshora ta waya, ya zauna a kan bencin ofishina a nan Gummi yana ba ni labarin yadda ya yi wa babura goma sha huɗu inshora kafin azahar, bai ko ɗaga daga inda yake zaune ba. Na ce madalla. Na tambaye shi, in ɗaya daga cikin baburan nan ya yi karo yau, kwana nawa mai shi yake da su kafin ya sanar da kamfani? Ya yi dariya ya ce ai yana cikin takarda. Na ce a wane shafi? Sai ya hau latsa waya yana nema. Mutum goma sha huɗu sun ba shi kuɗinsu da amanarsu, shi kuwa bai taɓa karanta abin da ya sayar musu ba. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, kuma har yanzu raina bai huce ba. Shi ya sa na ce ku zo ku zauna in gaya muku abin da wannan sana'a take.

Sunana Bala, amma daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa nan, Bala Inshora aka sani. Na haura shekara talatin ina wakilcin kamfanonin inshora a ƙasar nan. Karɓar kuɗi a miƙa takarda kowa zai iya. Aikin yana farawa ne ranar da mota ta kife ko shago ya ƙone, domin daga wannan ranar kwanaki suke fara tafiya, kuma ba sa jiran kowa ya gama kuka.

A hannun Malam Umaru Bawa na koya, Allah ya jiƙansa. Dogon mutum ne marar yawan magana, kuma kayan aikinsa duka a jakar fata ɗaya suke: kamara mai fim, tef na awo, fom ɗin sanarwa masu kabon a tsakani, biro uku, ƙaramar kalanda, da hatimi mai juya kwanan wata. Wata shida na farko bai bar ni na sayar wa kowa komai ba. Sai ya ajiye mini takardar inshora a gaba, ya ce in nemo duk inda aka ambaci kwana ko wata in ja masa layi da jan biro. In na tsallake ɗaya sai ya yage kwafin ya ba ni sabo. A lokacin ina ganin mugunta ce kawai.

Aikin farko da ya tafi da ni na wata babbar mota ce ta Alhaji Shehu, wani ɗan kasuwar hatsi a Anka. Ta ɗauko gero, ta kife a wata gada, direban ya rasu nan take. Direban kuma ƙanen Alhaji ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kwana biyu da yin abin muka isa ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi ana zaman makoki. Muka yi ta'aziyya, muka yi addu'a, muka zauna kamar kowa. Can Malam Umaru ya matsa kusa da Alhaji ya ce yana son ganinsa a zaure. Ya buɗe jaka ya fito da fom. Wani dattijo da ya biyo mu ya gani, sai ya ɗaga murya.

"Kai, wane irin mutum ne kai? Jiya-jiya anka rufe yaron nan, ka zo da takardar kuɗi? Ba ka jin kunyar Allah?"

Ni dai ji na yi kamar in nutse. Malam Umaru bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Hannu kawai za ka sa a nan. Sauran ni zan cika."

Alhaji ya sa hannu, ya jefar da biron a ƙasa, ya fita. Malam ya duƙa ya ɗauki bironsa. Daga nan muka wuce gada, ya ɗauki hoton motar ta kowace fuska, ya sa ni auna tazarar da ta yi daga titi, muka shiga mota zuwa Gusau, inda reshen kamfanin yake a wancan zamani. Sai da aka buga mana hatimin karɓa a kwafinmu ya yarda muka ci abinci.

A wurin cin abincin ne ya yi mini bayani. Ya ce takardar Alhaji ta ba shi kwana bakwai ya sanar. Mu kuma mutanenmu, in abu ya same su, kwana bakwai suke yi suna karɓar jaje, ba mai maganar dukiya, kuma duk wanda ya yi ta za a ce ba shi da tawakkali. Ranar da aka yi sadakar bakwai mutum ya miƙe ya ce bari ya nemi takardunsa, ranar ce wa'adin ya cika. Ya ce, "Waɗanda sunka rubuta takardar nan ba su san zaman makoki ba, kuma ba ruwansu. Kai ne za ka sha zagin a madadin mai kaya. In ba ka iya shan zagi, koma gona tun yanzu."

An biya Alhaji Shehu, matar mamacin da 'ya'yanta ma sun samu nasu kason. Bai taɓa ba Malam haƙuri ba, amma da ya sayi wasu motocin, wurinsa ya kawo su.

Ku sani, wa'adi ba ɗaya ba ne a takardar inshora. Akwai na sanarwa, shi ne gajere, wani kamfani kwana bakwai, wani ya ɗan fi haka. Bayansa akwai na kai takardu, rasit da hoto da rahoton 'yan sanda da duk abin da suka nema. Amma wanda ya fi cin mutane yana can ƙarshe, da ƙananan haruffa, a inda ido ya riga ya gaji. Cewa yake in kamfani ya rubuto maka ya ƙi biya, kana da wata goma sha biyu ka kai ƙara ko ka nemi masu sasanci. In ba ka yi ba, an ɗauka ka yafe. Ba wanda zai kira ka ya tuna maka. Ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa, alƙali zai fara duba kwanan wata ne kafin ya duba gaskiyar.

Masu sayen inshora a ƙasar nan kuwa sai haƙuri. Akwai masu cewa haramun ce, waɗannan ba na jayayya da su, cewa nake su je su tambayi malaminsu, kuma akwai irin ta tsarin Musulunci, takaful, in ita ta fi kwanta musu. Akwai masu harkar zinari na wajen Bagega, mutum ya sayi sabuwar mota ya zo ya ce in ba shi "ta nuna wa jami'ai a hanya", in na fara karanta masa sharuɗɗa ya ce yana sauri. Akwai wanda ya kai takardarsa wurin Innarsa ta ajiye masa a ƙasan kwalla don kada ta ɓata, ranar da shagonsa ya ƙone aka buɗe aka tarar gara ta cinye rabinta. Saboda irin wannan nake riƙe kwafin kowa a ofis. Ban taɓa rasa wa'adin mutum ko ɗaya ba, har sai shekarar da aka rufe layukan waya.

Mamman Ɗan-Ige mutumin Adabka ne, a ƙasar Bukkuyum. Yana da injin casar shinkafa da na niƙa a rumfa ɗaya, da sito a gefe inda manoma suke ajiye hatsi kafin a yi musu aiki. Da gona ya fara, ya sayar da shanunsa ya sayi injin farko, ya yi shekaru yana tarawa kafin ya sayi na biyu. Mutum shida ne suke cin abinci a rumfar nan. Ni na bi shi har gida sau uku kafin ya yarda ya yi inshorar gobara, kuma shekara tara bai taɓa makara da sabuntawa ba. Bai iya boko ba, amma duk shekara sai ya sa na karanta masa takardar da Hausa kafin ya dangwala. Ya san zancen kwana bakwai sarai.

A waccan shekarar, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse sabis na waya a faɗin jiha, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita hawan babur. Kun san wannan, kuna nan aka yi. Wata ranar Talata da hantsi, ana cikin casa, salansar injin ta yi zafi, ɓuntun shinkafa da ke jibge a bayanta ya kama. Kafin a ɗebo ruwa wuta ta ci rufin, ta shiga sito. Ba a rasa rai ba, amma injina biyu da hatsin mutane duk sun tafi.

Ɗan-Ige ya tuna da ni tun wutar ba ta mutu ba. Waya ba sabis. Hanya ba mai bin ta sai an tara motoci an samu rakiyar jami'an tsaro, kuma ba a san ranar da za a samu ba. Sau biyu yana fitowa bakin gari da takardarsa a aljihu ana cewa yau babu tafiya. Ranar kwana na goma sha ɗaya ya shigo ofishin nan, ƙafafunsa duk laka, hannunsa na dama naɗe da tsumma inda wuta ta lashe shi. Bai ko zauna ba ya ce, "Malam Bala, na san bakwai ta wuce. Wallahi ba sakaci na yi ba. Ko tsuntsu ban samu in aiko ba."

Na ce ya zauna. Na cika fom, na buga hatimina na ranar, na rubuta dalilin jinkiri dalla-dalla. Kamfanin ya riga ya rufe reshensa na Gusau tun shekarun baya, ya ce komai a aika hedikwata a Legas ta imel. Imel kuma sai da sabis. Washegari da safe na shiga motar Sakkwato, a can na samu sabis na tura. Kwana goma sha biyu ke nan. Jinkirin kwana biyar.

Mai ƙiyasta asara da kamfanin ya naɗa bai taɓa taka Adabka ba. Daga Kaduna ya riƙa aiko da tambayoyi. Ta farko ita ce wai in tabbatar masa ba 'yan bindiga ne suka sa wutar ba, domin in su ne, takardar ba ta ɗauki irin wannan asarar ba. Ta biyu, wai ina rahoton 'yan kwana-kwana. A Adabka! Na bi rakiya na je da kaina. Na ɗauki hoton salansar da inda wutar ta faro, na auna rumfar da siton, na goge toka na kwafi lambar jikin kowane inji, na karɓo takardar shaida daga mai gari da ta limami, na rubuta sunan duk manomin da hatsinsa ya ƙone. Na samo rahoton 'yan sanda a Bukkuyum. Ban taɓa haɗa fayil mai tsabta kamar wannan ba.

Bayan wata huɗu takarda ta zo, shafi ɗaya. Kamfani ya ƙi biya, saboda ba a sanar cikin kwana bakwai ba.

A lokacin sabis ya dawo. Na kira manajan sashen diyya, Oga Lawal, mutumin da na sani shekara ashirin, wanda ya taɓa kwana a gidana sa'ad da yake ƙaramin ma'aikaci yana zagayen rassa. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk ƙasar nan an san an rufe waya a Zamfara. Da me kuke so ya sanar, da hayaƙi?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Bala, kwantar da hankalinka. Wannan takardar ta ƙa'ida ce, dole a fitar da ita. Kwamiti zai sake zama a kai. Ka aiko mini da rasit ɗin injin na biyu, sauran ka bar mini."

Na aika. Bayan wata biyu ya ce kwamiti yana son sabon hoton siton. Na aika. Daga nan aka ce shugaban kwamitin ya tafi Umara. Sai aka ce ana binciken ƙarshen shekara. Sai aka ce fayil ɗin yana kan teburin babban darakta, hannu kawai ya rage. Kusan duk maganganun nan ta waya aka yi su, sau biyu ne kawai suka rubuto ta imel suna neman ƙarin takardu.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na san sharaɗin wata goma sha biyu. Ni na ja masa jan layi a kwafin Ɗan-Ige. Ranar da takardar ƙin biya ta zo, abin da ya kamata in yi shi ne in riƙe hannunsa in kai shi wurin lauya a shigar da ƙara, sannan a ci gaba da lallashin. Ban yi ba. Na yarda da muryar Lawal, kuma na san wakilin da ya kai kamfaninsa kotu ya gama wakilci. Na ce a raina bari a ƙara wata ɗaya. Haka na yi ta ƙara wata ɗaya.

Shi kuwa Ɗan-Ige duk wata sai ya zo. Manoman da hatsinsu ya ƙone ba su kai shi ƙara ba, amma kullum yana haɗuwa da su a masallaci. Ya sayar da gonarsa ta fadama ya rage musu asara, ma'aikatansa suka watse, biyu suka tafi haƙar zinari. In ya zo sai ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Malam Bala, mi sunka ce?" In ce masa ana kan dubawa. Ya ce, "Tau, Allah shi sa mu ji alheri." Ya koma.

A wata na goma sha uku Lawal ya daina ɗaukar wayata. Bayan mako biyu wata takardar ta zo, layi uku. Wai tun da ba a ɗauki wani mataki ba cikin wata goma sha biyu daga ranar takardarsu ta farko, an ɗauka mai inshora ya janye buƙatarsa, kuma an rufe fayil.

Da kuɗin aljihuna na tafi Legas. Kwana biyu ina zaune a ɗakin jira ana ce mini Oga yana taro. A rana ta uku na tare shi a bakin ƙofa lokacin cin abincin rana. Ya ga ba zan kauce ba, sai ya ja ni wani gidan abinci a bayan ofishin, nesa da idon abokan aikinsa. A can ya gaya mini abin da ya faru, kuma wannan ne ɓangaren sana'ar da yawancinku ba ku ma san da shi ba.

Kamfanin inshora shi ma yana da tasa inshorar. In asara ta yi girma, ba shi kaɗai yake ɗauka ba. Yana riƙe wani kaso, sauran ya miƙa wa wani babban kamfani da ke bayansa, wanda aikinsa ke nan, yi wa kamfanonin inshora inshora. Tsakaninsu ma akwai yarjejeniya, akwai kuma wa'adi. In babbar asara ta shigo, dole kamfaninmu ya sanar da na bayansa cikin kwana talatin. Asarar Ɗan-Ige, injina biyu da sito cike da hatsi, ta kai girman da sai an sanar.

Lawal ya ce ma'aikacin da imel ɗina ya faɗa hannunsa an yi masa canjin wurin aiki a makon, fayil ɗin ya zauna ba mai kula. Sai a wata na uku wani ya farga ya sanar da babban kamfanin. Su kuma suka ce wa'adi ya wuce, ba za su sa ko kwabo ba. Ke nan in za a biya Ɗan-Ige, daga aljihun kamfaninmu za a biya duka, kuma sai wani babba ya yi bayanin yadda aka yi sakacin.

"Sai aka ce a duba fayil a ga ko akwai ta inda za a fita," in ji Lawal. "Aka ga kwana biyar ɗinku."

Na ce, "Wato ku kun makara da wata biyu kuna zaune a ofis mai sanyi, da waya uku-uku a tebur. Shi ya makara da kwana biyar yana tsakiyar daji ba sabis ba hanya. Naku sakaci ne na aiki, nasa kuma saɓa yarjejeniya ne?"

Ya ci gaba da cin abincinsa.

Na ce, "To kwamitin fa? Da darakta da zai sa hannu?"

Ya ture farantinsa gefe. Ya ce, "Ba wani kwamiti, Bala. Lauyoyinmu sun ce in aka je kotu a kan kwana biyar ɗin nan, ga halin da jiharku take ciki, mai yiwuwa mu faɗi. Amma in wata goma sha biyu ta cika ba ku shigar da ƙara ba, magana ta mutu. An ce in riƙa amsa wayarka."

Mutumin da ya ci tuwo a gidana ke nan. Shekara guda yana yi mini magana mai daɗi yana ƙirga watanni. Na tashi na biya kuɗin abincina ni kaɗai na fita. Da na dawo Gummi na rubuta takardar ajiye wakilcinsu, na bi duk mutanen da na kai musu ɗaya bayan ɗaya na gaya musu dalili.

Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki Ɗan-Ige muka je Gusau wurin wata lauya, Barista Hadiza. Ta karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe, ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Malam Bala, kai da ka san aikin nan, me ka zauna jira?" Ta ce maganar da Lawal ya yi mini a gidan abinci ba shaida ba ce, domin zai musa. Abin da ke hannunmu shi ne imel biyun nan da suka nemi ƙarin takardu bayan sun ce sun ƙi biya. Wanda ya rufe magana ba ya neman rasit. Da su ta rubuta ƙorafi zuwa hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora. Aka yi wata bakwai ana rubuce-rubuce. A ƙarshe kamfanin ya ce zai ba da kashi ɗaya cikin uku na asarar, da sharaɗin a rubuta cewa kyauta ce don tausayi, ba haƙƙi ba, kuma ba za a sake tayar da maganar ba har abada. Barista ta ce ana iya ƙi a gwada kotu, amma za a yi shekaru, kuma ba ta da tabbacin alƙali zai tsallake wa'adin. Ta ce zaɓi na mai kaya ne.

Saboda haka in na ga kuna tura wa mutane takarda ta waya ba ku karanta musu ba, ba tsufa ne yake sa ni faɗa ba. Duk wanda kuka sayar wa, ku zaunar da shi ku gaya masa kwanakinsa da Hausa, ku sa ya maimaita. Ranar da abu ya faru ku je, ko ana makoki, ko za a zage ku. Duk abin da kamfani ya faɗa ta waya, ku ce ya rubuto. Ranar da takardar ƙin biya ta zo kuwa, ku rubuta ranar cikar wa'adi a bangon ofis, kuma tun ana saura wata shida ku kai mutum wurin lauya, ko da manajan ɗan ɗakinku ne. In hakan zai raba ku da kamfanin, ya raba ku.

A ofishin nan Ɗan-Ige ya zo sa hannu. Kuɗin ba za su sayi ko inji ɗaya sabo ba, amma za su ishe shi ya sallami sauran manoman ya sayi tsohon injin niƙa. Na shimfiɗa takardar a tebur na buɗe tawadar dangwale. Ya ce in karanta masa tukuna, kamar yadda muka saba. Na karanta ina fassarawa. Da na zo kan kalmar, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kyauta kac ce?"

Na ce, "Haka suka rubuta."

"Shekara tara ina biya. Ban taɓa zuwa na roƙe su ba. Yanzu su ne sunka yi min kyauta?"

Na ce, "In ba ka so, Mamman, ka bar ta. Barista ta ce za ta tsaya maka, ni ma zan tsaya in faɗi duk abin da na sani, har da nawa laifin."

Ya jawo takardar gabansa. Ya ce mutane suna jiran hatsinsu tun shekara biyu, ba zai ƙara musu wasu shekarun ba don zuciyarsa. Ya sa babban yatsansa a tawada, ya dangwala a duk inda na nuna masa, wuri uku. Ya goge yatsan a gefen benci, ya miƙe, ya gyara hularsa. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Malam Bala, in ka aika musu, ka ce na amsa. Amma ka gaya musu ban gode ba."

Na ɗauko takardar rakiya na rubuta musu haka da Turanci, kalma da kalma, a layin farko. Na sa hannu a ƙasa, na ƙara da cewa wakilinsu na dā shi ma bai gode ba.